Ɗegel, ƙauyen Shehu Usmanu: tambayoyi da amsoshi kan tarihinsa, wuraren ziyara da zaman mutanensa

Duk wanda ya karanta tarihin jihadin Sakkwato ya ji sunan Ɗegel, amma kaɗan ne suka taɓa taka ƙasarsa. Mun tattara tambayoyin da ɗalibai, malaman makaranta da masu niyyar ziyara suka fi yi, muka amsa su bisa abin da ya tabbata a rubuce-rubucen mutanen jihadi da kuma yadda ake zaman karkara a arewacin Sakkwato.

A ina Ɗegel yake?

Ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato, daf da garin Cimola, arewa da gulbin Rima. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yankin yana ƙarƙashin Gobir, wadda fadarta take Alƙalawa, can gabas wajen Sabon Birni na yau. Nisan nan da fada ya yi wa mutanen Ɗegel rana, domin sun samu sararin karatu da tara almajirai shekaru masu yawa kafin idon sarki ya dawo kansu sosai.

A nan aka haifi Shehu?

A'a. An haife shi a Maratta cikin watan Disamba na 1754, wato Safar 1168 bayan Hijira. Maratta tana cikin Jamhuriyar Nijar yanzu, a ƙasar Ƙonni. Yana yaro iyayensa, Malam Muhammadu Fodiyo da Hauwa'u, suka taso suka zauna Ɗegel, a nan ya tashi, a nan ya yi karatun Alƙur'ani gaban mahaifinsa. Danginsu Fulani ne Toronkawa, gidan malanta, kuma kakansu Musa Jakolo ya taso ne daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙonni tun ƙarnoni kafin haihuwar Shehu. Wadda aka haifa a Ɗegel ita ce 'yarsa Nana Asma'u, a 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan.

To me ya sa ƙaramin ƙauye ya yi suna haka?

Karatu. Ɗegel bai taɓa zama birnin sarauta ba, ba shi da fada, ba shi da babbar kasuwar fatake irin ta Kano ko Katsina. Abin da ya jawo mutane shi ne malami da littattafansa.

Shehu ya fara wa'azi wajen 1774, yana da kimanin shekara 20. Ɗegel ne mazauninsa, amma yakan fita ya yi yawon wa'azi, ƙanensa Abdullahi na biye da shi. Sun shiga Kabi, sun yi kusan shekara 5 a Zamfara, sannan a farkon shekarun 1790 ya dawo gida ya zauna. Daga nan ne abin ya juya: maimakon malami ya bi mutane garuruwansu, sai mutane suka riƙa biyo shi ƙauyensa. Wani ya zo ya yi wata ɗaya ya koma, wani ya kwaso iyali ya kafa bukka ya zauna. Akwai Fulani, akwai Hausawa, akwai Buzaye. Su ne aka riƙa kira Jama'a, kuma daga cikinsu ne aka samu mafi yawan waɗanda daga baya suka karɓi tuta suka kafa masarautu daga Katsina har Adamawa.

A ganinmu wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe game da Ɗegel. Daular da ta zo ta mamaye ƙasa mai faɗin gaske an yi renonta ne a tsakar gidajen ƙasa da zana, wurin mutanen da suke noma abincinsu, suna kiwon dabbobinsu, suna kwafe littafi da hannu.

Yaya karatun yake gudana a lokacin?

Tsarin da aka sani ne a ƙasar Hausa, wanda har yau bai mutu ba. Yaro yana farawa da allo: babbaƙu, farfaru, sannan haɗa baƙi, ya riƙa rubutawa yana wankewa har ya sauke. Alƙalamin kara ko na gamba, tawada ta gawayi ko baƙin tukunya da aka haɗa da ƙaro don ta kama allo. Wanda ya sauke sai ya shiga karatun littattafai. A nan babu aji. Kowane ɗalibi yana da littafin da yake ciki, ya zauna gaban malam idan layi ya zo kansa, ya karanto 'yan layuka, malam ya fassara ya yi bayani, sauran suna saurare. Wanda ya ƙare littafi malam ya ba shi ijaza, a ambaci jerin malaman da karatun ya biyo ta hannunsu.

Shehu da kansa haka ya yi. Ya yi karatu wurin 'yan uwan iyayensa, irin su Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya ɗauki Sahihul Buhari wurin Muhammadu ɗan Raji. Da ya zauna karantarwa sai ya raba aikin gida biyu. Manyan ɗalibai suna ɗaukar tafsiri, hadisi, fiƙihu da tasawwufi da Larabci. Talakawa kuwa, manoma da makiyaya da ba su iya Larabci ba, ana yi musu wa'azi da Fulatanci da Hausa, ana kuma tsara musu waƙoƙi masu sauƙin hadda a kan tauhidi, alwala, salla, gado da halal da haram. Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta yadda yake fitowa majalisi da sakin fuska, ya yi sallama da ƙarfi kowa ya ji, ya kuma jure tambayoyin da wani malamin zai ƙosa da su. A wannan zaman ne, wajen 1793, ya rubuta Ihya'us Sunna, ɗaya daga cikin manyan littattafansa.

Gaskiya ne mata ma suna karatu a Ɗegel?

Gaskiya ne, kuma an soki Shehu a kan haka. Tun yana yawon wa'azi wani malami mai suna Mustafa Goni ya aiko da waƙa yana ƙorafin cewa mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar da amsa, aka nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni, kuma a majalisin ana ware musu wurinsu. Shehu ya kuma yi kakkausar magana a rubuce kan malaman da suke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko farillan alwala ba.

Nana Asma'u tana da kimanin shekara 11 aka bar Ɗegel, amma tarbiyyar gidan ce ta bi ta. Ta zo ta yi rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, dattijuwa mai ilimi, ta ba ta malafa, ita kuma ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka suna zuwa ɗaukar karatu suna komawa su koyar. Ta rasu a 1864.

Da me Jama'a suke ci, tunda ba su karɓar kyautar sarakuna?

Da guminsu. Suna noma, suna kiwo, wasu suna sana'ar hannu, wasu suna kwafar littattafai. An ruwaito cewa Shehu yana tufkar igiya don abin masarufinsa. Mata suna kaɗi, suna daka, suna ɗebo ruwa, suna kula da baƙin da ba sa yankewa. Wanda ya san nauyin saukar baƙo ɗaya a gidan ƙauye cikin bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zai gane irin haƙurin da matan Ɗegel suka yi shekara da shekaru.

Me ya haɗa su rigima da sarakunan Gobir?

Abin bai fara da rigima ba. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiya ba, sai ya roƙi abu 5: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana wanda ya so amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki waɗanda aka tsare, kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Bawa ya amince.

Bayan Bawa sai Yakuba, bayan Yakuba sai Nafata. Zuwa lokacin Jama'a ta yi yawan da ya tsorata fada. Nafata ya sa aka yi shela: ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci wurin ubansa ba ya koma abin da ya tarar, maza su daina naɗa rawani, mata su daina yafa mayafi. Da ɗansa Yunfa ya hau, wajen 1803, sai abin ya ƙara tsanani. Abdullahi ya ba da labarin yadda Yunfa ya kira Shehu fada ya nemi harbe shi, bindigar ta tashi ta ƙona shi kansa.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne Gimbana. Wani almajirin Shehu, Abdussalami, Ba'are, ya ƙaura da mutanensa zuwa Gimbana a ƙasar Kabi don gudun fitina. A ƙarshen 1803, cikin azumi, rundunar Gobir ta faɗa musu, ta kashe na kashewa, ta kama sauran. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, Jama'a suka fita suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita da iyalinsa kawai ya bar sauran. Shehu ya ce ba zai rabu da jama'arsa ba, zai dai bar wa sarki ƙasarsa.

Yaya aka yi hijirar?

An tashi daga Ɗegel ranar 21 ga Fabrairu 1804, daidai da 10 ga Zulƙida 1218, aka nufi Gudu, can yamma a bakin iyakar Gobir. An bi ta Kalmalo da Ruwawuri. Lokacin rani ne, ga tsofaffi, ga yara, ga dabbobi, ga littattafai da ba a yarda a bari ba. Aliyu Jeɗo, shugaban wasu Fulanin yankin, da wani Buzu mai suna Agali suna cikin waɗanda suka taimaka da dabbobin ɗaukar kaya.

A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a a gindin itacen faru ya zama Amirul Muminina. Abdullahi ne ya fara, sai Bello, sai amininsa Umaru Alkammu. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, Jama'a suka yi nasara. Ba a samu sauƙi nan da nan ba: a Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an yi asarar mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Shehu ya koma Ɗegel bayan nasara?

Bai koma da zama ba. Ya zauna Gwandu, sannan Sifawa, sannan a 1815 ya shiga Sakkwato, garin da Bello ya gina a 1809, a nan ya rasu a watan Afrilu na 1817. Hubbarensa yana can. Ɗegel ya ci gaba da zama ƙauye. Yankin ya sake ɗaukar nauyi ne da jikan Shehu, Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, ya mai da Cimola ribaɗinsa, wato sansanin tsaron iyaka, don tsare arewa daga hare-haren Gobirawa. Ɗansa Muhammadu Maiturare shi ya kafa Gwadabawa, ya cika ƙasar da manoma, daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924.

Me mai ziyara zai gani a can?

Kada a tafi da tsammanin ganin ganuwa, soro ko gidan tarihi mai gilashi. Gidajen mutanen Shehu na ƙasa ne da kara da ciyawa, irin ginin da damina kaɗan ke mayarwa ƙasa idan babu mai yaɓe. Abin da ake zuwa dominsa shi ne kabarin mahaifin Shehu, Malam Muhammadu Fodiyo, da tsohuwar maƙabarta, da guraben da dattawan gari ke nunawa a matsayin inda gidan Shehu yake da inda yake karantarwa. Sai kuma ita kanta ƙasar: gonaki, tuddai, hanyoyin shanu, nisan da ke tsakanin gida da ruwa. Ɗalibin da ya tsaya a nan cikin zafin ƙarshen Fabrairu ya dubi yamma zai fahimci hijira fiye da yadda allon aji zai fahimtar da shi.

Wanda ke da lokaci ya haɗa da Cimola, ya dawo ta Wurno inda kabarin Muhammadu Bello yake, ya ƙare da Hubbare a Sakkwato.

Wa ake fara gani, kuma waɗanne ladubba ake kiyayewa?

Ba a shiga ƙauye a wuce kai tsaye wurin kaburbura. A fara da gidan mai gari, a yi sallama a ƙofar zaure, a cire takalmi, a gaisa a tsanake: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina aiki. Ga mai sarauta a ce ranka ya daɗe, ga liman ko malami a ce Allah gafarta malam, ga dattijo a ce baba. Sai an gama gaisuwa ake faɗin abin da ya kawo mutum. A ƙasar Sakkwato uban ƙasa shi ne babba mai gunduma, hakimi yana ƙarƙashinsa, sannan masu unguwanni, saɓanin Kano inda hakimi ne mai gunduma. Masu zuwa da ayari, kamar 'yan makaranta ko masu ɗaukar bidiyo, su aika da takarda ofishin uban ƙasa tun da wuri.

Mai gari zai haɗa baƙo da wanda zai zagaya da shi. A ba shi goron kirki, domin ya bar aikinsa ne. A maƙabarta a yi sallama ga mamata, a yi musu addu'a, kada a taka kabari ko a zauna a kai. Kada a ɗebi ƙasa, kada a shafi kabari don neman tabarruki. Shehu da kansa ya yi hani da irin wannan a rubuce-rubucensa. Ba a ɗaukar hoton mata ko cikin gida sai da izinin maigida. A sa tufafi masu sutura, maza da mata.

Yaushe ya fi dacewa a je, kuma ta wace hanya?

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. An gama girbi, mutane suna da sukuni, hanya ta bushe, sanyin hunturu ya sauko. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Da damina kuwa kowa yana gona, kuma hanyoyin ƙasa sukan yanke.

Daga Sakkwato ana bin hanyar Kware da Gwadabawa, wadda ta wuce Illela har Ƙonni. A tasha a nemi motar Cimola ko mai babur ɗan yankin. A ɗauki ruwan sha isasshe da kuɗi a hannu. Maganar tsaro kuma ba abin wasa ba ce: sassan gabashi da arewacin Jihar Sakkwato sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. A tambayi mutanen yankin halin da ake ciki a ranar tafiya, ba makon da ya wuce ba. A fita da safe, a dawo kafin la'asar sakaliya, kuma idan suka ce a dakata, a dakata.

Me mutanen yankin suke nomawa yanzu?

Gero ne uban tafiya, sai dawa da wake. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, shi ya sa gero ya fi dacewa, don cikin kwana 90 ko ƙasa da haka ya nuna.

Aikin yana farawa tun bazara da sharar gona da kai taki. Wasu suna yin binne, su shuka a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Ribarsa shuka takan riga ciyawa tashi. Haɗarinsa kuwa, idan aka yi yayyafi kaɗan iri ya tsiro sannan ruwa ya ɗauke, sai an sake shuka. Wanda ya jira ruwa mai nauyi yakan sara rami da sungumi, taki ɗaya tsakanin rami da rami, a zuba ɗan tsunkule na iri a take da ƙafa. Bayan mako 2 zuwa 3 a yi noman firi, a cire a bar tsiro 2 ko 3 a kowane gindi. Wanda ya ji tausayin cirewa ya bar su cunkushe, zai samu kara da yawa da ƙananan zangarniya. Sai a saka wake a tsakani, a yi maimai. Mai ƙaramin ƙarfi da ba zai iya sayen buhun takin zamani ba yana iya zuba cikin marfin kwalbar lemo ɗaya na NPK, kimanin giram 6, a gefen kowane gindi bayan ƙasa ta jiƙa. Kada takin ya taɓa iri, yana ƙona shi.

Abokan gaba sanannu ne. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana kama saiwar gero a gonar da ta gaji. Maganinsa a tuge shi kafin ya yi fure, a ƙara takin gargajiya, a riƙa juya shuka da wake. Akwai tsutsar da ke cin zangarniya, akwai fara, akwai jan-baki da ke sauka garke guda lokacin da hatsi ya fara ƙosawa. Manomin da ya san ciwon kansa ba ya sare gawo a gonarsa, domin yana zubar da ganye da damina, bai hana shuka rana ba, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina ƙarfi.

Bayan girbi a ɗaure damuna a fitar da zakka: ɗaya cikin 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 ga na ban-ruwa, idan amfanin ya kai nisabi, wato sa'i 300.

Yaya ake adana hatsin har ya kai wata damina?

A rumbun kara ko a rufewa ta ƙasa. Ana ɗora ta a kan duwatsu don kada gindinta ya taɓa ƙasa, a gina ta da yumɓu da aka cuɗa da ciyawa, hawa-hawa, kowane hawa ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora ɗanye kan ɗanye, cikinta zai buɗe ta tsage. A sama a kifa jinka. Geron da aka zuba da zangarniyarsa, ba a sussuke ba, yakan yi shekaru bai lalace ba.

Abu 4 ke ɓata rumbu: zuba hatsin da bai gama bushewa ba, gara da ke hawowa idan ƙasa ta taru ta haɗe da gindin, ɓera, da jinkar da ta tsufa tana yoyo. Kafin a zuba sabon hatsi a share tsohon sarai, domin ƙwarin bara ne ke cin na bana. Wake ya fi hatsi saurin huhucewa. A busar da shi sosai a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban.

Da rani fa, me ake yi?

Masu fadama suna noman albasa da tafarnuwa, waɗanda wannan yanki na Gwadabawa, Kware da Wurno ya yi suna da su. Da jigo ake ban-ruwa a da, yanzu injin ban-ruwa da gajeriyar rijiyar burtsatse sun karɓe. Ana yafa irin albasa a reno mako 6 zuwa 7, a dasa a fangali, santimita 10 zuwa 15 tsakani, ta yi wata 3 zuwa 4. Idan ganye ya fara kwanciya a yanke ruwa kamar mako 2 kafin cira, a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, sannan a jera a rudu inda iska ke ratsawa ta ƙasa. Yawancin asarar da ake yi a ajiya daga gona take farawa: an cika mata takin yuriya don ta yi girma, ko an ba ta ruwa har ranar cira. Irin wannan albasa tana da kyan gani a kasuwa, amma ba ta wata 2 a rudu.

Waɗanda ba su da fadama, musamman samari, sukan tafi ci-rani birane bayan girbi, su dawo da kuɗin taki da na hidimar aure kafin ruwa ya sauka. Mata suna kiwon awaki da tumaki a gida, suna adashi, suna sayar da fura da ƙuli-ƙuli. Mai dabbar sayarwa yakan nufi kasuwar Illela.

Har yanzu ana gayya?

Ana yi, ko da yake aikin kuɗi ya rage mata ƙarfi. Mai gona ya sanar tun kwanaki, ya tanadi fura da tuwo, samari su taru su gama masa noma cikin wuni guda. An fi yi wa surukai, tsofaffi da marasa lafiya. Haka ake taruwa a yi yaɓen masallaci, yasar rijiya da gyaran maƙabarta. Wanda ba ya zuwa ta mutane, ranar tasa zai ga wayam.

Tsakanin manoma da makiyaya kuwa akwai tsohuwar yarjejeniya: bayan girbi shanu su kwana a gona su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da hatsi. Rigima tana tashi ne idan an nome burtali ko mashaya, ko an saki shanu kafin a kwashe wake. Mai gari da arɗo su ne ke sa ranar sakin dabbobi, kuma inda aka kiyaye wannan rana ɓarna takan yi sauƙi.

Me ke lalata wuraren tarihi irin waɗannan, kuma me za a yi?

Ruwa ne na farko. Katangar ƙasa tana son yaɓe duk shekara kafin damina, a watan Afrilu ko Mayu, da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa kwanaki. Magina na da suna shafe ta da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. A duba indararo ya zama dogo, yana zubar da ruwa nesa da gindin bango, a kuma cike duk kwarin da ruwa ke kwanciya.

Kuskuren da aka fi yi da kyakkyawar niyya shi ne shafe ginin ƙasa da siminti. Siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Danshi ya taru a bayansa, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓallo da rabin bangon. Idan za a kewaye wuri da bulo, a ja baya a bar tsohon gurbin yadda yake.

Na biyu shi ne gona da ke ci kaɗan-kaɗan. Bana an shiga taki ɗaya, baɗi an ƙara, har gefen maƙabarta ya zama kunya. Maganinsa a kafa alamun iyaka a gaban mai gari da liman da masu gonakin da ke kewaye, a rubuta, a dasa itatuwa a kan layin. Na uku shi ne rasuwar dattawan da suka san wane gurbi ne na wane. Malaman makarantun yankin za su iya zama da su, a ɗauki maganarsu a waya, a rubuta sunan mai magana da ranar, a zana taswirar wuraren ko da da biro ne. A rubuta abin da dattijo ya faɗa yadda ya faɗe shi, ko da ya saɓa wa na littafi, a bar masu bincike su auna.

Muna da tsofaffin takardun kakanni a gida. Yaya za mu kiyaye su?

Gidajen malamai da yawa a wannan yanki suna da su, cikin gafaka ko tsohon akwati. Kada a liƙa musu salatif, kada a like su da leda mai zafi, kada a ɗinke su. Takardun a warware aka rubuta su, kuma kalmar da ke ƙasan kowane shafi ita ke nuna farkon shafi na gaba, da ita ake mayar da su jere idan sun hargitse. A kaɗe ƙura da burushi mai laushi, hannu a bushe. A sa su tsakanin kwali biyu masu tsabta, a naɗe da farin ƙyallen auduga, a ajiye a kan katako nesa da ƙasa da bango saboda gara da danshi. Jakar leda tana tara gumi da damina, ba ta dace ba. A riƙa buɗewa ana dubawa aƙalla sau 2 a shekara, kafin damina da bayanta.

A ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa mai haske, ba tare da filasha ba, a fara da shafin farko da na ƙarshe, domin a nan ake samun sunan littafi, mawallafi da magwafi. A ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya. Wanda ke son a gane masa abin da ke ciki ya nufi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Gidan Arewa a Kaduna. Idan za a ba da aron asalin takarda, a ƙirga ganyayen a gaban shaidu, a rubuta yarjejeniya da ranar dawowa, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.